Wai ina laifin rufin asiri?

Duk ranar da ɗan jarida ya bankaɗo wata badaƙala, sai ka ga 'yan uwa a nan Facebook sun taso: "An biya shi ne." "Hassada ce." "Ina laifin rufin asiri?" Haba jama'a! Rufin asiri na wanda ya yi kuskure tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Mai cutar da al'umma ba shi da asirin da za a rufa masa.

Amurkar nan da muke yawan buga misali da ita, masu tono ne suka taimaka ta gyaru. A 1904 Upton Sinclair ya yi mako bakwai cikin leburorin mayankan Shikago. Littafinsa The Jungle ya fito a 1906, yana ba da labarin ruɓaɓɓen nama da ake zuba wa magani don a kashe warinsa, da matattun ɓeraye da ake niƙawa tare da nama a sayar wa mutane. Masu kamfanonin suka ce ƙarya ce. Shi kansa shugaban ƙasa Theodore Roosevelt ba ya ga maciji da Sinclair, kuma daga bakinsa aka samo sunan da ake kiran irin waɗannan marubuta, wato masu tonon shara. Amma bai tsaya tambayar wa ya biya shi ba. Mutum biyu ya tura su gano da idonsu, suka dawo suka ce ƙazantar gaskiya ce. Ranar 30 ga Yunin shekarar ya sa hannu a dokar duba nama da ta tsabtar abinci da magunguna. Leburorin da aka yi littafin dominsu kam dokar ba ta tsinana musu komai ba, kowa cikinsa ya ji wa tsoro.

To mu dawo gida. A Disambar 2023 Umar Audu na jaridar Daily Nigerian ya nuna yadda ya sayo digiri daga Kwatano cikin mako shida, har ya shiga hidimar ƙasa da shi. Gwamnati ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo. Amma wallahi na ga masu tsine masa, wai ya toshe wa 'ya'yan mutane hanyar abinci.

Wace hanyar? Mai takardar nan fa ofisoshinmu ake kawo shi, a ba shi kujera. Shi zai riƙe fayil ɗin fanshon mahaifinka, ko wasiƙar layi biyu bai iya rubutawa ba.