"Rezo babu, ka dawo gobe": wa ke da laifi?

Ƴan uwa matasa, wane ne cikinmu bai taɓa cin karo da wannan magana a bakin taga ba? Mu kan zagi ma'aikaci, mu ce lalaci ne ko goro yake so. Wani lokaci haka ɗin ne. Amma sau da yawa shi ma ɗaure yake, kuma manhajar da aka ba shi ya yi aiki da ita ce ta ɗaure shi.

Kwanan baya na raka gwaggota wani biro neman takarda. Da na fara faɗa, sai ma'aikaciyar ta ce: "Ƙanena, zo ka gani da idonka." Shafi biyar za ta cika kafin ta kai ga adanawa. Tana kan na huɗu wuta ta ɗauke, komai ya goge, sai daga farko. Da wutar ta dawo, sai ga wata matsala: takardar gwaggo "née vers 1960" ta ce, ita kuwa manhaja ta kafe sai an ba ta rana da wata. Wanda ya ƙera ta bai san cewa iyayenmu da yawa shekara kaɗai aka rubuta musu ba. Ranar dai kuɗin kabu-kabu ya tafi a banza, da wuni guda na sana'a.

Ga kuma batun suna. Mutum ɗaya, wata takarda Aboubacar, wata Boubacar. In akwatin bincike bai gane kusancinsu ba, sai a ce maka ba ka cikin na'ura. Tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa, amma allon rubutu na AZERTY da ke birorinmu ba shi da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Ko Maraɗi ba ta rubutuwa daidai!

To in manhaja ta gagara, mi ma'aikaci zai yi? Sai ya ɗauki hoton dosiye da salularsa ya tura wa abokin aiki ta WhatsApp. Aiki ya tafi, amma takardar haihuwarka da katinka suna yawo cikin wayoyin mutane. In wayar ta ɓace fa?

Abin da muke nema ba gagara-badau ba ne. Kafin a biya kuɗin kowace manhaja, a zaunar da sakatare da mai karɓar dosiye su gwada ta a Tawa ko Damagaram, inda rezo ke rarrafe, ba a ɗakin sanyi na Yamai kaɗai ba. Ta riƙa adana abin da aka rubuta da kanta, ta yi aiki ko babu intanet, in ya dawo ta aika. Kalmar sirri ɗaya ta wadatar, maimakon huɗu da ake rubutawa a takarda a manna jikin kwamfuta. A kuma samar da wanda za a kira in ta lalace, ya amsa.

Ku kuma ƴan uwa masu ilimin kwamfuta, in aikin ya faɗo hannunku, ku je ku wuni a bakin taga tukuna. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Da kuɗin talaka ake sayen waɗannan kaya, kuma shi ne ke tsaye a rana in sun ƙi aiki. Gobe in an ce maka ka dawo, ka tambaya cikin ladabi: mi ya tsaya, kuma wa ke gyarawa?