Wa Ke Riƙe da Tiyar Awon Hayaƙi?

Duk macen da ta taɓa sayar da hatsi a kasuwar Magarya ta san cewa ciniki yana hannun mai riƙe da tiya. Yau ƙasashen duniya ma awo suke yi, sai dai abin da suke aunawa shi ne iskar kabon, wato hayaƙin da ke ɗumama duniya yana rikita mana damina.

Tun yarjejeniyar Faris ta 2015, kusan kowace ƙasa na faɗin yawan hayaƙin da za ta rage. Lissafin ba sihiri ba ne: lita ɗaya ta fetur in ta ƙone tana fitar da kimanin kilo 2.3 na wannan iska, sai a ninka da yawan man da ƙasa ta sha. Da wannan awo, mutum ɗaya a Amurka na fitar da kusan tan 14 a shekara, ɗan Nijar kuwa wajen kashi ɗaya cikin goma na tan guda. Duk da haka, a 2021 Nijar ta ɗauki alkawarin rage fiye da kashi 12 cikin 100 a fannin noma da dazuzzuka kafin 2030 da ƙarfinta, ko kusan kashi 23 in ta samu tallafi.

To, a ina ragin zai fito? A gonakinmu. Itace yana zuƙe kabon ya adana a jikinsa. Bayan farin 1984, manoman Maraɗi da Damagaram sun rungumi sassaben zamani, suna barin tohon itatuwa suna rainonsa. Da masana suka gwada tsofaffin hotunan jirgin sama da na tauraron ɗan adam, sun ƙiyasta itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5. Gawon da ya rufe gonakin Magarya da Dungas yana cikin wannan lissafi.

Ga inda gizo ke saƙar. Yanzu wannan kabon ya zama haja, kamfanonin waje na sayensa. In mai saye ne kaɗai ya san awo, an san wanda zai kwana ciki. Muna kira ga hukumomi da sarakuna: duk wanda ya zo da irin wannan ciniki, a bayyana wa manoma da Hausa abin da aka auna, da farashin, da rabonsu, kafin kowa ya dangwala yatsa. Ai tun 2020 doka ta amince wa manomi da haƙƙin itacen da ya raina.

Mu ma 'yan kasuwa da namu. Iya mai tuwo, Alhaji dillalin itace, ku bar sayen ɗanyen gawon da aka sare daga tushe. Na sassabe da busasshe sun isa. 'Ya'yan gawo abincin dabbobi ne da ake sayarwa kowace shekara, kututture kuwa sau ɗaya ake cin kuɗinsa.

Allah ya ba mu damina mai albarka.