Kwaɗon Pepe da wahalar hukunci a kan hoton barkwanci

Ƴan uwa, hotunan barkwancin nan da ake kira "mim" sun zama ciwon kai ga masu kula da zaurukan intanet. Masanin Birtaniya Richard Dawkins ne ya ƙirƙiro kalmar a 1976, yana nufin duk abin da ke yaɗuwa tsakanin mutane ta hanyar kwaikwayo. Ma'anar ta yi faɗi, shi ya sa kowane zaure ke shata tasa iyakar.

Ku dubi kwaɗon nan Pepe. Wani mai zane a Amurka, Matt Furie, ya zana shi a 2005 don raha kawai. Sai masu wariyar launin fata suka ɗauke shi suna liƙa masa alamomin Nazi, har a 2016 ƙungiyar ADL ta sa shi cikin alamomin ƙiyayya, ko da yake ita ma ta yarda yawancin masu tura shi ba ƙiyayya suke nufi ba. A 2019 kuma matasan Hong Kong suka ɗaga shi a zanga-zangarsu, ba ruwansu da wancan tarihi.

To, mai kula da zaure ya goge ko ya bari? In ya hana zanen baki ɗaya, ya zalunci wanda bai yi laifi ba. In ya ƙyale, mai ƙiyayya ya fake da cewa wasa yake yi. A ganina, a duba abin da aka haɗa da hoton da wanda aka nufa da shi. Wannan kuwa sai mutum mai sanin harshe da al'adar wurin. Na'urar tace hotuna kwaɗo kawai take gani.

Shi kansa mai zanen ya gaji, a 2017 ya zana jana'izar kwaɗon, amma har yau hoton na yawo.