ƊAKIN TSIRA SAI DA ISKA

Jama'a, a watan Janairu na 2006 masifa ta auku cikin ramukan haƙar ma'adini biyu, ɗaya a Amurka, ɗaya a Kanada. Ku dubi yadda suka ƙare.

A Sago, ramin kwal na Amurka, abu ya fashe ran 2 ga wata. Lebura ɗaya ya mutu nan take. Sauran 12 suka ja can ƙurya, suka kange kansu da labule. Kowa yana da 'yar na'urar numfashi ta awa ɗaya tak, kuma wanda ya tsira ya ce waɗansu ma ba su yi aiki ba. Sai bayan awa 41 masu ceto suka isa, suka tarar da mutum ɗaya da rai. Abin da ya kashe su shi ne gubar nan marar wari da gawayi ke fitarwa a ɗaki rufe. Labule ba ya tare ta.

Ran 29 ga wata wuta ta tashi a ramin Esterhazy na Kanada. Lebura 72 suka shige ɗakunan da aka gina tun da wuri, masu ƙofa gam, da iska da ruwa da abinci. Bayan kamar awa 30 aka fito da su duka.

To, kada a ɗauka rufe ƙofa shi ke nan. Ɗaki rufe abokan gaba biyu gare shi, hayaƙin waje da numfashin na ciki. Iskar da muke shaƙa, 21 cikin 100 ne oksijin. Wadda muke fitarwa tana ɗauke da kabon dayoksaid wajen 4 cikin 100, ita ce ke taruwa, kai ya yi ciwo, hankali ya gushe, tun oksijin bai ƙare ba. Saboda haka tilas a ajiye tukwanen oksijin, da garin soda da farar ƙasa mai tsotse mugunyar iskar, da ma'auni, da dabarar rage zafi, gama jikin mutane kansa murhu ne.

Duk wannan kuɗi ne, shi ya sa masu rami ke jan ƙafa. Sai 2008 Gwamnatin Amurka ta wajabta mafaka mai iskar awa 96 a ramukan kwal, bayan an binne mutanen Sago. Assha!

Ra'ayin jaridar nan shi ne, duk inda ake tura talaka ƙarƙashin ƙasa, a ba leburori da kansu ikon buɗe ɗakin, su ƙirga tukwane, su duba ma'auni, kafin su ɗauki diga.