Oga, Kafin Ka Ce Ɗan Indiya Ya Cuce Ka, Makullin Shagon Yana Hannun Wa?

Yau maganata da masu kasuwa ce, kuma na san wasu ba za su ji daɗinta ba.

Wani sabon yayi ya shigo. Mai shagon atamfa, mai makarantar kuɗi, mai gidan abinci, kowa yana son a yi masa manhaja ko shafin intanet. Sai ya shiga Fiverr ko Upwork, ya samo wani a Indiya, Pakistan ko Bangaladash, su yi ciniki, ya biya da dala. Bayan wata shida manhaja ta daina buɗewa, mutumin ya daina amsa saƙo, sai ka ji oga yana cewa ai duk 'yan damfara ne.

A'a oga, ban yarda ba. Manyan kamfanonin Amurka da Ingila sun shafe shekaru suna kai aikin kwamfuta Indiya. Kamfanoni irin su Infosys da TCS da Wipro da wannan harkar suka girma. Da damfara ce zalla, da tuni an watse. Bambancinku shi ne su suna rubuta yarjejeniya, suna duba aiki, suna riƙe kayansu. Kai kuwa cinikin biri a sama ka yi.

Bari mu bi abin ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, makulli. Asusun sa manhaja a Play Store dala 25 ne, biya ɗaya. Na Apple dala 99 ne duk shekara. Saboda ƙyashin wannan kuɗin, ko ƙiwar cike fom, sai oga ya ce wa mai aikin: "Sa min a naka kawai." Shi ke nan, a wurin Google manhajar tasa ce. Haka adireshin shafin, wanda ake kira domain: idan da imel ɗinsa aka saya, shi za a tura wa sanarwa in lokacin sabuntawa ya yi. In bai sabunta ba shafi ya mutu, wani ma zai iya saye sunan. Don Allah wa zai gina shago a Kwari ya bar takardar da sunan magini? Ka buɗe komai da imel ɗinka da lambarka, sannan ka ba shi izinin shiga ya yi aiki. Asalin kod ɗin manhajar ma a zuba shi a asusunka na GitHub. In kun ɓata, wani ya ɗora daga inda ya tsaya.

Na biyu, bayanin aiki. "Ina son manhaja kamar Jumia" ba bayani ba ne. Mutumin bai taɓa zuwa Kano ba. Bai san kwastomanka ya fi son ya tura kuɗi ta banki ya turo shaida a WhatsApp ba. Bai san Paystack ko Flutterwave za ka haɗa ba sai ka faɗa masa. Ka ɗauki biro da takarda, ka zana kowane shafi: in an danna nan, me zai fito? Abin da ba ka rubuta ba, ba ka saya ba.

Na uku, biyan kuɗi. Da zarar ya ce ku koma WhatsApp zai yi maka ragi, ka ƙi. A Upwork kuɗinka yana ajiye a hannun dandalin, ana sakinsa mataki-mataki in ka amince da aikin. In ka tura kai tsaye, wa za ka kai wa ƙara? A Fiverr kuma ka kula: in ya miƙo aiki ka yi kwana 3 ba ka ce komai ba, ana ɗauka ka karɓa. Mutane da yawa a nan suke faɗawa, suna can suna hidimar biki, lokaci ya wuce.

Na huɗu, wannan a teburin gyara nake ganinsa kullum. Wayoyin da ke hannun mutanenmu Tecno ne da Itel da Infinix, da yawansu RAM ɗinsu 2GB ko 3GB, ma'ajiyar ta cika da hotuna da bidiyo. Shi kuwa mai aikin ya gwada a babbar waya, da intanet mai gudu. Sai manhajar ta zo nan tana maƙalewa, kwastoma ya kawo min waya yana cewa ta lalace, alhali lafiyarta ƙalau. Kafin ka biya kuɗin ƙarshe, ka sa manhajar a ƙaramar Itel, ka gwada da data a inda sabis ke da rauni. Ka kuma duba ƙ da ɗ da ɓ suna fitowa daidai, kar sunan Ɗanladi ya koma akwati-akwati.

Na biyar, lissafi. Tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a 2024. Kuɗin ajiye shafi, sabunta domain, gyaran da za ka nema gaba, duk da dala ne. Araha ba ta ado. Sannan agogon Indiya yana gabanmu da awa huɗu da rabi, na Bangaladash awa biyar. In shafinka ya tsaya bayan Isha'i, lokacin da ciniki ke tafiya, shi yana barci. Ku yi maganar gyara bayan kammala aiki tun kafin a fara: wata nawa, nawa ne kuɗin.

Na san wani zai ce, to ai gara a ba ɗan gida. Madalla, muna da matasa masu iya aiki a Kano da Kaduna da Jos, kuma ina goyon bayan a ba su. Amma ɗan gidan ma in ka bar masa makulli, ranar da ya samu aiki a Legas ya canza layi, kuka ɗaya za ka yi. Shawarata: ko da waje za ka kai aikin, ka biya wani na kusa da ya san harkar ya riƙa duba maka. Ɗan abin da za ka ba shi bai kai asarar sake gini daga farko ba.

Wanda kuma ya riga ya ba da aiki, yau ɗin nan ya tambaya: asusun Play Store da domain da kod, da sunan wa suke? Google yana da hanyar mayar da manhaja daga wani asusu zuwa wani, domain ma ana iya mayar da shi. Ka nema yanzu da kuke shiri, yana amsa saƙonka.

Ku tura wa duk ogan da kuka san yana shirin yin manhaja. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka.