Injin da aka ce ya tsaya shi ne ke kisa

Sana'ata haɗa wutar manyan injuna ce, kuma ta kai ni masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai, da injunan casar shinkafa da ke jere a yankin Kura. Abin da na gani a waɗannan wurare ya sa na daina yarda da maganar da ake yi duk ranar da inji ya ci ran ma'aikaci, cewa ganganci ya yi. Yawancin waɗanda na san inji ya kashe ko ya raba da hannu, lokacin da abin ya same su kowa ya ɗauka injin a tsaye yake.

Ga yadda abin yake faruwa. Ana cikin aiki sai a ɗauke wuta. Dama bel ɗin da ke jan kaya ya fara cushewa, sai shugaban aiki ya ce wa wani yaro, tunda an samu sarari, shiga ka share. Yaron ya kutsa har kafaɗa, wani lokaci ma ya shige gaba ɗaya. Can bayan gini mai kula da janareta ya tayar, domin aikin da aka ɗauke shi ya yi ke nan, kuma bai san akwai mutum a ciki ba. Makunnin injin yana nan a kunne yadda aka bar shi. Kafin wani ya ruga ya kashe, an gama.

Na taɓa zuwa gyara a wani kamfani washegarin irin wannan rana. Na tambayi manajan dalilin da ya sa ba a sa wa injin sitatar da ke sakin kanta da zarar wuta ta ɗauke ba, wadda ba za ta tashi ba sai mutum ya zo ya danna da hannunsa. Ya ce ta ƙone tun bara, sai aka haɗa wayar kai tsaye kafin a sayo wata. Kuɗin wannan sitata bai kai abin da suka kashe a zaman makoki ba.

Maganin da ya fi kowanne sauƙi shi ne kwaɗo. Duk wanda zai sa hannu a cikin inji, ya je da ƙafarsa ya kashe babban makunni, ya datse shi da kwaɗonsa, ya jefa makullin a aljihunsa. Sannan ya dawo ya danna maɓallin tayarwa, ya ga da idonsa cewa injin bai motsa ba. In su uku ne za su shiga, kwaɗo uku za a rataya, kuma ko mai kamfanin ba shi da ikon buɗe na wani. Cewa "ai na gaya wa wane kada ya kunna" ba kariya ba ce, domin wane yana iya tafiya salla wani ya karɓe shi.

Sai murfin bel da na fuli. Makanike ya kwance shi don gyara, ya jingine shi a bango, a wayi gari ya zama wurin ajiye buhu. Mu kuma mutane ne masu sa tufafi masu yalwa. Bakin riga, jelar rawani, ko hijabin yarinyar da aka aika markaɗe, da zarar bel ya kama gefe ɗaya ba ya saki. Wannan ya shafi har ƙaramin injin niƙa na cikin unguwa, inda yara ke cincirindo da robobinsu taku ɗaya daga bel ɗin da ke gudu tsirara.

A wuraren fasa dutse irin na Mpape da inda ake gina hanya, kisan ya fi zuwa daga baya. Direban katafila ko na tifa ba ya ganin wanda ke tsaye dab da bayansa, lebura kuma idan rana ta take, inuwar da ya fi samu ita ce ƙarƙashin mota. A kafa wa leburori rumfa, a raba hanyar ƙafa da ta mota, a tsayar da mutum guda mai ba direba hannu wanda in direba bai gan shi ba ba zai motsa ba.

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa kusan mutum miliyan 3 ke mutuwa kowace shekara sanadiyyar aikinsu, kimanin 330,000 daga cikinsu ta hanyar haɗari. Mu ma muna da doka. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta killace sassan inji masu haɗari, ta kuma wajabta kai rahoton duk haɗarin da ya yi kisa. Amma tarar da ke cikinta 'yan dubban nairori ce, kuma akwai wuraren da na yi ta zuwa aiki ban taɓa cin karo da sufeton ma'aikatar ƙwadago ba. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce kowane mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF, domin a riƙa biyan iyalan wanda ya rasu a bakin aiki. Sai dai waɗanda ake turawa cikin inji galibi 'yan aikin yini ne, sunansu ba ya cikin kowane littafi. Abin da ke kaiwa ga matar mamaci shi ne buhun shinkafa da ɗan abin da aka sa a ambulan ranar sadakar uku.

Nan ne abin ya fi min ciwo. Mai kamfani ya zauna a tabarmar ta'aziyya ya ce ƙaddara ce, dangi su ce haka Allah ya so, a shafa fatiha a watse. Na yi imani da ƙaddara, kuma ban ga laifin uban da ya yi haƙuri da rashin ɗansa ba. Amma malamanmu sun koya mana cewa tawakkali ba ya hana riƙo da sababi, kuma ko kisan kuskure shari'a ta sa masa diyya. Wanda ya san sitata ta ƙone ya bar ta shekara guda ba shi ne ya dace ya yi wa marayu wa'azin haƙuri ba. Ina roƙon limamai su faɗi wannan a kan mumbari, domin masu kamfanonin nan suna sahun gaba ranar Juma'a.

'Yan Majalisar Tarayya su gyara tarar nan ta zama abin tsoro, ƙungiyoyin ƙwadago su nemi a rubuta sunan duk wanda ya shiga ƙofar masana'anta da sunan aiki, ko na yini ɗaya ne. Kai kuma ɗan'uwana mai aiki da inji, kafin a kai ga haka, sayi kwaɗo naka ka riƙa zuwa da shi. In aka ce ka shiga inji ba tare da ka datse makunni ba, ka ce a'a.