Mun San Alfawa, Wa Zai Ba da Labarin Hanyar Bangi?



Duk wanda ya ratsa lungunanmu bayan sallar isha'i ya san abin da ke tara jama'a a ƙofar shago da tsakar gida. Wani ya kafa wa talabijin ido, wani ya jingina waya da kofin shayi, mutum huɗu sun rufu a kansa. Tun da tashar Arewa24 ta fara nuna Kwana Casa'in a shekarar 2019, Alfawa ta zama kamar wata unguwa a cikin unguwanninmu. Mun san Gwamna Bawa Maikada, wanda Sani Mu'azu ya fito a matsayinsa, mun san makircinsa da na fadawansa, mun yi musu a kan Malam Adamu har muryoyi suka tashi. Alfawa kuwa ba ta cikin taswira, marubuta ne suka ƙirƙire ta.

Ba mu ga laifin wannan kallo ba. Shirin ya nuna cewa Bahaushe na iya zama ya bi labarin zaɓe da cin amana da aikin jarida mako bayan mako, ba lallai sai soyayya da rawa ba. Abin da ke damunmu shi ne, yaron da aka haifa a bayan Kasuwar Kongo zai lissafa maka manyan Alfawa ɗaya bayan ɗaya, amma ka tambaye shi abin da ya tsayar da motar kawunsa makonni a Garwa-Bulai, sai ya yi shiru. Muna ganin lokaci ya yi da za a samu wasan kwaikwayo mai dogon zango, da Hausarmu ta nan, a kan soja da aikin kiyaye zaman lafiya da siyasar da ke juya su. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Wani zai ce, ina ruwan ɗan kasuwa da labarin bariki? To, mu duba tushenmu. Lokacin da Jamusawa suka kafa rundunar 'yan sandansu a wannan ƙasa a 1891, daga wasu sassan Afirka ta Yamma suka ɗebo mutane, kuma akwai Hausawa a cikinsu. A watan Disamba na 1893, a nan Duwala, sojojin da aka kawo daga Dahome suka yi tawaye bayan muƙaddashin gwamna Leist ya sa an yi wa matansu bulala a gabansu. Ita kanta New Bell ɗiyar siyasa ce: Jamusawa sun tsara ta ne domin su tashi Duwalawa daga bakin ruwa, su bar tazarar kilomita guda tsakaninsu da unguwar Turawa, kuma a kan wannan rigima aka rataye Sarki Rudolf Duala Manga Bell ranar 8 ga Agusta 1914. Daga baya wurin ya zama masaukin baƙi, kakanninmu fatake da mahauta da malamai suka kafa gidaje. Tarzomar watan Mayu 1955 a waɗannan tituna aka yi ta. Ke nan bindiga da kaki da makircin masu mulki sun daɗe da sanin hanyar unguwarmu.

Mu dawo zamaninmu. A 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa rundunar MINUSCA a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, ta karɓi aiki daga rundunar Tarayyar Afirka a watan Satumba. Kwamandanta na farko ɗan Kamaru ne, Janar Martin Tumenta Chomu, wanda ya rasu a ƙarshen 2015, kuma har yau ana tura sojoji da jandarmomin ƙasar nan can. A waccan shekara ta 2014 ne Musulmin Bangi da garuruwan yamma suka yi ta tserewa, da yawa suka tsallako Kamaru, wasu suka tsaya a sansanonin Gabas, wasu suka iso gidajen dangi. Unguwar PK5 da ake ambata a labarai, a wurin wasunmu gidan gwaggo ne ko shagon ƙane.

Akwai kuma hanya. Afirka ta Tsakiya ba ta da teku, mafi yawan kayan da take shigowa da su daga tashar jiragen ruwan Duwala suke tashi. Shinkafa da gishiri da siminti, manyan motoci ne ke ɗaukarsu, direbobi da yaran mota kuwa da yawansu a masallatanmu suke salla kafin su kama hanya. Daga iyaka zuwa Bangi sau da yawa a jerin gwano ake tafiya, sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya na rakiya. A watan Disamba 2020, gab da zaɓen ƙasar, 'yan tawaye suka datse hanyar, motoci fiye da dubu suka maƙale a Garwa-Bulai, sai a watan Fabrairu 2021 ayarin farko ya samu shiga Bangi. Kaya sun lalace, bashi ya hau kan masu motoci, iyalai a nan suka yi ta jiran kiran waya. Marubucin da ya ce ya rasa labari, ya je ya zauna da direba ɗaya na yini guda.

Haka nan Arewa Mai Nisa. Kolofata da Fotokol da Mora sunaye ne da muka fi ji a labaran hare-hare tun 2014. A Mora ne sashen Kamaru na rundunar haɗin gwiwar ƙasashen Tafkin Cadi yake, hedikwatarta kuwa tana Injamena. Samari sun mutu a can sanye da kaki, daga kudu da arewa, Musulmi da Kirista. A daidai lokacin, mai gemu da doguwar riga a biranen kudu ya san irin kallon da ake yi masa a shingen bincike. Wanda bai ba da labarinsa da bakinsa ba, wasu za su bayar a madadinsa, kuma ba lallai ya gane fuskarsa a ciki ba.

Wasu ƙasashe sun gane amfanin wannan tuntuni. A 2016 tashar KBS ta Koriya ta Kudu ta nuna Descendants of the Sun, labarin wani hafsan soja da wata likita a aikin kiyaye zaman lafiya a wata ƙasa ƙirƙirarriya mai suna Uruk, kashi 16 kacal, ya zaga duniya. Turkiyya ta yi Ertugrul, samarinmu suka haddace sunayen jarumansa. Sai dai mu ba irin wannan muke roƙo ba. A irin waɗannan shirye-shirye kakin jarumi ba ya datti, hannunsa ba ya kuskure. Mu da muke zaune kusa da abin, mun san ba haka yake ba.

Mutanen Duwala ba su manta da samari tara na Bepanda ba, waɗanda jami'an tsaro suka kama a watan Janairu 2001, ba a sake ganinsu ba. Ba a manta da bidiyon Zelevet da ya ɓulla a 2018 ba, inda aka ga masu kaki sun harbe mata biyu da ƙananan yara biyu. Da farko hukuma ta ce ƙarya ne, daga baya aka kama sojojin, a watan Satumba 2020 kotun soja a Yawunde ta ɗaure huɗu daga cikinsu shekara goma-goma. Wasan da zai rufe ido ga irin wannan, kirari ne kawai, kuma mai kallo zai gane. Wanda kuma zai mai da kowane soja azzalumi ya ci amanar uwar da aka kawo mata gawar ɗanta daga bakin iyaka. Abin da muke so shi ne soja mutum: mai iyali, mai bashi, mai tsoro, wanda aka ba umarnin da zuciyarsa ba ta kwanta da shi ba. Muna so a nuna matarsa da ke jira, da direban da ya dogara da rakiyarsa, da ɗan siyasar da ke cin riba idan rikicin ya daɗe.

Mun san amsar da dattawa za su ba mu, kuma amsa ce mai nauyi. Za su ce mu tsiraru ne, zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, kada yara su ja mana abin da ya fi ƙarfinmu. Suna tuna abin da ya biyo bayan yunƙurin juyin mulki na 6 ga Afrilu 1984, lokacin da zargi ya rufe 'yan Arewa da yawa waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Mu ma muna tuna Ahmed Abba, wakilin sashen Hausa na RFI, wanda aka kama a Marwa a watan Yuli 2015, kotun soja ta yanke masa shekara goma a ƙarƙashin dokar yaƙi da ta'addanci ta 2014, bai fito ba sai a watan Disamba 2017. Wanda ya raina wannan tsoro bai san ƙasar da yake ciki ba.

To amma a nan ne darasin Alfawa yake. Masu Kwana Casa'in ba su kira sunan gwamna ko jiha ba, sun gina gari nasu, suka zuba gaskiya a ciki, kowa ya gane nasa. Dabara ce irin ta tatsuniya, inda Gizo da Kura ke ɗaukar laifin da ba a iya faɗa wa sarki a fuska. Marubucinmu na iya ƙirƙirar ƙasa da runduna da hanya, ba sai ya taɓa sunan kowa ba. Shirun da muke yi kuwa bai taɓa hana a zarge mu ba, iyakarsa ya hana maƙwabta sanin cewa mu ma mun yi asara.

Maganar kuɗi ita ce ta biyu. Ba mu da Kannywood, ba mu da tashar da za ta saya. Amma shirye-shiryen Hausa da dama a yau a YouTube suke rayuwa, kuma labarin da muke magana ba ya buƙatar tankar yaƙi ko jirgi. Ɗaki ɗaya, tsakar gida ɗaya, garejin manyan motoci, da waya mai kawo labari daga nesa sun isa kashi goma na farko. Abin da ba a iya saye shi ne rubutu mai kyau, shi kuwa sai an zauna da tsofaffin sojoji da direbobi da matan da suka yi gudun hijira, an saurare su da ladabi, an nemi izininsu. A bar Hausar yadda muke yinta, da Faransancin da ke shigowa ciki, da Fulatanci da Pidgin na maƙwabta. Kada a ari bakin Kano don a burge Kano. Mutanen can ma za su so su ji yadda 'yan'uwansu na bakin teku ke magana.

Kira muke yi ga samarinmu masu ɗaukar hoton biki da waya, ga malaman makaranta masu alƙalami, ga 'yan kasuwar da Allah ya hore wa, ga sarakunan unguwanni da za su iya sa albarka. Tsofaffin da suka ga waɗannan abubuwa da idonsu suna raguwa kowace shekara, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya. Mu fara da tattara labaransu tun suna raye.

Allah ya kiyaye matafiyanmu, ya jiƙan waɗanda suka rasu a hanya da fagen fama, ya zaunar da ƙasarmu da maƙwabtanta lafiya. Amin.